Kwana 14 a Masar da Yara Uku: Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kaya

Hausa tana da suna ga kusan kowace irin tafiya. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai tafiyar neman ilimi, akwai aikin Hajji, akwai ziyarar dangi da zuwa gaisuwa. Kowace daga cikinsu dalilinta a fili yake, ba sai an tambayi mai ita ba. Wadda har yau ba ta sami mazauni sosai ba ita ce tafiyar da mutum zai kwashi iyalinsa su ƙetare iyaka don su huta su ga duniya. "Yawon buɗe ido" muke ce mata, kuma kalmar "yawo" ba ta taɓa zama yabo a bakin iyayenmu ba. Ko Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aiki ne ya kai shi, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma.

Saboda haka ban yi mamaki ba da na shaida wa mahaifiyata cewa ni da maigida muna shirin kai yara Masar na mako biyu a hutun Disamba, ta dube ni ta ce, "Wa ba shi da lafiya?" A Kano, Alƙahira sunan asibiti ne kafin ta zama sunan gari. Da na ce, "Hajiya, kowa lafiyarsa ƙalau, hutu ne kawai," sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambayi nawa ne kuɗin makarantar yaran a zango guda.

Tambaya ce mai nauyi. Kafin watan Yuni na 2023, dalar Amurka a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura 1,500. Albashin yawancinmu bai bi ta ba. Tikitin mutum biyar kaɗai ya isa ya haɗiye abin da aka yi shekara ana tarawa, kuma rangwamen yara bai kai yadda ake zato ba: kamfanonin jirage kan rage wani abu ne daga ainihin farashin ga yaro mai shekara 2 zuwa 11, amma galibin haraji yana nan yadda yake, wanda ya cika 12 kuwa babba ne a wurinsu. Babbar 'yarmu tana da 11, na tsakiya 8, auta 6. Wannan kaɗai ya isa ya sa muka ce bana, ba baɗi ba. A tafiyar nan dala biyu ce: wadda za a je gani da wadda za a biya.

Duk wanda ya kashe irin wannan kuɗi, zuciyarsa za ta raya masa cewa dole ya ci ribarsa, wato ya ga komai. Ni kuwa na yi imani cewa daga nan hutun iyali yake fara lalacewa, kuma mafi yawan aikin shirya shi ragewa ne.

Amma bari in fara da dalilin zaɓen Masar. Da sauƙin shiga muke nema, da Gana ko Senegal muka nufa, inda ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS. Masar tana neman biza, amma tana da abin da mai ƙananan yara ba zai raina ba: jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Wanda ya taɓa kwana a kan kujerar filin jirgi da yaro mai barci a kafaɗa yana jiran canjin jirgi ya san darajar wannan. Ga abinci na halal ba sai an bincika ba, ga masallaci a kowane lungu. Sannan ƙasa ce da yaranmu suka riga suka sani kafin su ga taswirarta, daga ƙissar Annabi Yusuf da ta Annabi Musa a Islamiyya.

Lokacin tafiyar kuwa ba mu muka zaɓa ba, kalandar makaranta ce. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafin Luksor da Aswan yake wuce digiri 40. Masauki yana araha a lokacin, kuma dalilin arahar a bayyane yake. Za a ce ai mu 'yan Kano ne, mun saba da zafi. Gaskiya ne, amma a watan Afrilu ba wanda yake kwasar 'ya'yansa da tsakar rana ya zagaya da su cikin duwatsu na awa uku. Disamba ya fi daɗi: rana mai sanyi-sanyi, dare kuma na rigar sanyi. Illarsa ita ce duk duniya ta san haka, don haka farashi yana sama, kuma hutun bai fi mako uku ba. Mako biyu a cikin uku yana nufin ba wurin kuskure. Ba na cikin masu cewa a ciro yaro daga aji mako guda kafin a rufe makaranta don a sami tikiti mai araha. Makon jarrabawa ne, kuma yaro yana lura da abin da iyayensa suka fifita.

Batun takardu ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai yana buƙatar a fara da wuri. Fasfon yaro a Najeriya na shekara 5 ne, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Kowane yaro sai da lambar NIN da takardar amincewar iyaye. Abin da ya fi kama mutane shi ne katin rigakafin shawara. Masar tana nemansa daga masu zuwa daga Najeriya, kuma katin asibiti da aka rubuta wa jariri yana wata 9 ba shi ake nufi ba. Katin ƙasa da ƙasa ne mai ruwan ɗorawa, wanda jami'an lafiya na tashoshin shige da fice suke bayarwa. Wanda aka yi wa allurar yanzu, sai bayan kwana 10 katinsa yake fara aiki. Sharuɗɗan biza kuwa suna sauyawa, don haka daga ofishin jakadanci ake jin su, ba daga maƙwabcin da ya je shekara uku da suka wuce ba.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina. Kwana 14 a takarda ba kwana 14 ba ne a ƙasa. Cire ranar tafiya da ranar dawowa, saura 12. Cire washegarin isa, domin yaran da suka tashi da asuba suka yi layi a filayen jirgi biyu ba za su amfanu da komai ba sai barci. Duk sauyin gari yana cin yini guda: haɗa kaya, neman takalmin da ya shige ƙarƙashin gado, jiran a ba da ɗaki. Sauyi biyu, saura 9. Cikin yara uku a baƙon ruwa da baƙon abinci, da wuya a rasa wanda cikinsa zai ɓaci. Ware masa rana. Ware wata don tsaraba, domin ko an ƙi ko an so sai an yi ta. Abin da ya rage 7 ne.

Kwana bakwai, abu bakwai. Wannan ita ce doka ɗaya tilo da na kafa: wuri guda a rana, a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar, sauran yinin na wasa ne da barci. Ma'aunin kuwa ƙafafun auta ne. Babba yana iya jure awa biyar a gidan tarihi saboda ya san abin da ya biya. Yaro mai shekara 6 yana da kamar awa ɗaya da rabi na sha'awa ta gaskiya, daga nan sai "Umma, ƙafata", daga nan sai goyo, daga nan kuma kowa ya fara jin haushin kowa a gaban gunkin da aka ƙetare Sahara don a gani.

Da wannan ma'auni Abu Simbel ya faɗi. Na daɗe ina son ganin haikalin nan da aka yayyanka aka ɗaga sama a shekarun 1960 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Amma yana da nisan kusan kilomita 280 daga Aswan, ana tashi tun kafin asuba, a shafe fiye da awa uku a mota, a duba, a sake shafe wasu ukun. Tafiyar manya ce. Da ya faɗi, Aswan ma ta bi shi, Iskandariyya kuma ta bi su, duk da ɗakin karatunta da aka buɗe a 2002. Maigida ya yi ta jan maganar Iskandariyya, yana cewa ai awa uku ce kawai a jirgin ƙasa. Na ce masa uku zuwa, uku dawowa, a kan teku mai sanyin da ba mai shiga. Abin da ya rage mana shi ne dare shida a Alƙahira, dare ɗaya a jirgin ƙasa mai ɗakunan kwana, huɗu a Luksor, sannan mu dawo Alƙahira ta sama mu yi biyu. Jirgin ƙasan ba don araha ba ne. Yaran ba su taɓa kwana a gado mai tafiya ba, kuma ina kyautata zaton shi za su fi ba da labari.

Ragowar aikin a gida ake yinsa, tun watanni kafin tafiya. Dutse dutse ne ga yaron da ba a ba shi labarinsa ba. Na tsakiya ya kama Tutankamun da zarar ya ji cewa yana kusan shekara 9 ya hau mulki, kuma kabarinsa ya kwanta a ɓoye fiye da shekara 3,000 kafin Howard Carter ya gano shi a 1922. Yanzu yana da dalilinsa na kansa na zuwa sabon babban gidan tarihin da ke kusa da Giza, inda aka tara kayan kabarin sama da 5,000, da kuma Kwarin Sarakuna a Luksor. Auta ya san dalar Khufu ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta, shekara kusan 4,500 da suka wuce, amma abin da ya dame shi raƙumi ne. Yaron da yake ganin raƙuma a Kano bai taɓa neman hawa ba sai na Masar. (Shawarar da kowa ke bayarwa daidai ce: a gama ciniki kafin a hau, kuma a tabbata kuɗin ya haɗa da saukewa.)

Babbar kuwa na ajiye mata tsohuwar Alƙahira, domin a nan ne tafiyar take taɓa gida. Tafsirin Jalalaini da take ji ana jan baƙinsa kowane azumi, malaman wannan birni biyu ne suka rubuta shi, Jalaluddin al-Mahalli da ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi. Shi Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15. Masallacin Azhar, da aka fara gininsa a shekarar 970, a da yana da ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Borno. Ina son ta tsaya a farfajiyar ta san cewa mutanen yankinta sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa nan a ƙafa da kan raƙumi, ba baƙuwar jiya ba ce. Akwai kuma gidan tarihin Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a watan Afrilun 2021, ciki har da Ramsis na Biyu. Na san tambayar da za su yi a can: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa? Amsar gaskiya ita ce masana ba su yi ittifaƙi ba, kuma ita zan ba su. Na riga na yanke cewa auta ba zai shiga wannan zaure ba; shi da babansa za su jira mu a bakin tafkin da ke waje.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan shiri: wa zai huta? Ana yawan ba iyalai shawarar su kama gida mai kicin maimakon otal, saboda ya fi araha kuma ya fi faɗi. Haka ne. Sai dai gida mai kicin yana nufin wata za ta shiga kicin ɗin, kuma mun san ko wace ce. Na ga mata da yawa da suka je hutu suka dawo sun yi girki da wanki a ƙasar waje, bambancin kawai tukunyar baƙuwa ce. Mun yarda a kan gida a Alƙahira bisa sharaɗin cewa kicin na shayi ne da ƙwai da safe. Abincin rana a waje: kushari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, wanda yaron da ya tashi da garau-garau ba zai ƙi ba, ko ful da ɗa'amiyya, wadda ƙanwar ƙosai ce. Yaji dai daga gida za mu tafi da shi.

Abu biyu na ƙarshe da suka shafi aljihu da lafiya. Manyan wuraren tarihin Masar da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai kati, alhali bankunanmu sun shafe shekaru suna rufe katin naira ko ƙayyade abin da za a kashe da shi a waje. A gwada katin dala tun a gida, a kuma tafi da katin shaidar makarantar yara, domin ɗalibi yana samun rangwame. Ta fannin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Oktoban 2024 cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Labari ne mai daɗi, amma yana da wata fuska: yaron da ya taso da ƙwayar cutar daga Kano zai iya kwantawa a garin da likita ba ya fara kawo ta a ransa. Za mu yi gwaji kafin tashi, mu tafi da maganin da likitanmu ya rubuta tare da takardarsa. Tramadol da danginsa kuwa ko kusa da jaka kada su zo, dokar Masar a kansu mai tsanani ce.

Tsaraba mun rubuta sunaye tun yanzu, mun sa iyaka, mun kuma amince cewa dabino da turare sun wadatar da yawancin jerin. Tikitin dawowa na sa shi kwana huɗu kafin a koma makaranta. Ƙarshen Disamba da farkon Janairu tsakiyar hunturu ne, kuma hazo ya sha hana jirage sauka a Kano. Idan ya yi mana sassauci, kwana huɗun na wankin yunifom ne da neman littattafan da aka watsar ranar da aka ba da hutu.