Abin da Ba Ya Shiga Takardar Ciniki

Duk wanda Allah Ya ja zamaninsa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, har ya ga lokacin da auduga take riƙe da arzikin jama'a, ya kuma ga yadda masara da waken suya suka karɓe ta, in dai abincinsa ya taɓa rataya ga sana'ar mota, to, ya san babu labarin da yake sanyaya jikin direba kamar a zo tasha a ce kamfani kaza ya sayi kamfani kaza, ko kuwa biyu sun haɗe sun zama ɗaya. Ni na yi yaron mota, na yi tuƙi, daga bisani Allah Ya hore mini tawa motar, yanzu kuwa da ƙarfi ya ƙare sai zama da tunani. Abin da na fahimta shi ne, a irin wannan ciniki ana lissafa gine-gine da injuna da motoci, ana rubuta su dalla-dalla, amma sanayyar da ke tsakanin direba da masu ba shi lodi, wadda ita ce jarinsa na haƙiƙa, ba a taɓa sanya ta cikin takarda ba.

Al'amarin ba sabo ba ne, domin ya girmi kowane direba da ke raye a yau. A 1920 kamfanin Lever Brothers na Ingila ya sayi Kamfanin Neja, a 1929 kuma aka haɗa shi da African and Eastern Trade Corporation aka sami UAC, a shekarar da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda. Iyayenmu sun ba mu labari cewa kafin wannan haɗewa, dillali ko mai jakai ko mai mota, in an ƙuntata masa a wannan kanti, yakan tsallaka hanya ya tafi wancan, kuma sanin haka kaɗai yakan sa akawu ya sassauta harshe; da aka wayi gari kantunan biyu suna amsa umurnin mutum ɗaya, sai tsallakawar ta rasa amfani. Abin da ya rage musu na sauƙi shi ne kamfanonin John Holt da CFAO da makamantansu suna nan, watau ƙofofi sun ragu amma ba su ƙare ba. Gurzar auduga kuwa tana hannun ƙungiyar BCGA, wadda ta kafa injuna a Funtuwa da Malumfashi, har unguwanni suka ci sunanta. Da yake Malumfashi ba ta da jirgi, dilolin da aka gurza a can sai mota ta ɗauko su ta hanyar Bakori zuwa tashar jirgin Funtuwa, kuma a kan wannan gajeriyar hanya mutane da yawa suka koyi tuƙi.

Zamanin da na buɗe ido a cikinsa shi ne na hukumar ciniki. An kafa ta auduga a 1949, aka mayar da al'amarin hannun ta Jihar Arewa a 1954, sa'an nan a 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, aka ajiye hedkwatarta a nan Funtuwa. Idan hunturu ya shiga aka buɗe fuloti, sai ka ga manoma sun yi layi tun sanyin asuba, malamin auduga yana cusa hannu cikin buhu yana rarrabe lamba ɗaya da lamba biyu, sikeli yana aiki, 'yan dako suna ɗora buhuna a kan Bedford ko Marsandi mai bodin katako har lodin ya ninka tsayin motar. Yaron mota yana can sama yana jan igiya, hazo ya mayar da gashin idonsa fari, wani kuma yana ƙasa riƙe da weji saboda gangara. Kafin damina a yi jigilar irin da aka yaɗa daga gonar Daudawa, daga 1975 kuma, da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, sai jigilar takin zamani zuwa ƙauyuka ta ƙaru a kai. Masu motocin kuwa alhazan gari ne, mai biyu, mai uku, waɗanda ake sallar Juma'a tare da su.

Ba zan ce zamanin ya kuɓuta daga zalunci ba, domin na san direbobin da suka tsufa a gidan mutum ɗaya suka fita ba su mallaki ko keke ba, na kuma san iyayen gida da ba su taɓa yanka wa yaron mota lada ba sai abin da hannu ya ba da. Amma fa mai zalunci yana da fuska, yana da zaure, yana da surukai da limamin unguwa da yake jin kunyarsu, in abin ya faskara kuma ga alƙali. Direba yakan durƙusa ya ce, "Maigida, iyali ba lafiya," a ba shi kuɗin magani a ɗage masa tafiya, ba don an rubuta haka a wani wuri ba, sai don an san mahaifinsa, an kuma san shekara nawa ya yi bai taɓa ɓatar da buhu ba.

A 1986, cikin gyare-gyaren tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka rushe hukumomin ciniki, gidajen gurza suka shiga sauya hannu, wani a sayar, wani a ba da haya, wani a rufe. A cikin wannan yanayi ne na ɗanɗana abin da nake magana a kansa. Akwai wani gidan gurza da na daɗe ina yi wa jigila da motata, har ya kasance maigadi ba ya tambayata takarda, akawu kuma yakan rubuta mini webil tun ban kashe mota ba. Aka sayar da shi ina bin kuɗin jigilar ƙarshen kaka. Da na je, sai na tarar an sallami akawun, an canza maigadin, a ofis kuma wani saurayi ne mai ladabi, wanda ya miƙe ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu gini da injuna muka saya, bashin da ke baya yana wuyan masu wurin na da." Na ce, "Yaro, to su ina zan same su?" Ya ce ofishinsu yana Ikko. Kana ya ƙara da cewa in ina son ci gaba da ɗaukar lodi, sai in cika fom, in kawo mutum biyu da za su tsaya mini. Kuɗin sun yi mini zafi, amma neman masu tsaya mini a ƙofar da na tsufa ina shiga ya fi su zafi, alhali kuwa saurayin bai yi mini ƙarya ba, bai kuma wulaƙanta ni ba. Iyakar abin da aka miƙa masa a takarda ke nan, ni kuwa ba na ciki.

Malamanmu na zaure, da suke karantar da babin ijara da kira'i a Risala da Muhtasar, sun bayyana mana cewa ƙulla haya ba ta inganta sai lada ya zama sananne, aiki ko ajali ya zama sananne, domin jahilci a cikinsu garari ne. Sun kuma ce wanda aka ɗauka ya kai kaya amintacce ne, ba a ɗora masa lamunin abin da ya halaka ba da sakacinsa ba, sai dai mazhabar Imamu Malik ta keɓe mai ɗaukar abinci, ta tsananta a kansa saboda hannu yana saurin kaiwa ga abinci. Wannan hukunci adalci ne, kuma direban ƙwarai bai taɓa ƙinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a riƙe rabin hukuncin a saki rabi. A yau mota takan ɗauki masara daga kasuwar Dandume ko Bakori, ta kai ƙofar masana'antar abincin kaji, ta kwana uku ko biyar a layi ba a sauke ba, direba yana ci daga aljihunsa, ba a lissafa masa ko awa ɗaya. In an hau sikeli kuma aka ga nauyi ya ragu, ko da bushewar hatsi ce ta jawo, sai a yanke daga kuɗinsa nan take. Lamuni yana kansa cikakke, ajali kuwa babu wanda ya san iyakarsa, kuma ba shi da ikon ya juya motar ya tafi wani wuri, domin masu saye da yawa irin haka 'yan kaɗan ne.

Haɗewar da ta fi taɓa direban wannan zamani ta siminti ce da ta fulawa. Dangote ya sayi kamfanin siminti na Binuwai da ke Gboko a 2000, aka haɗe shi da sauran kamfanonin simintinsa a 2010. Kamfanin siminti na Sakkwato, wanda motocinsa suke biyowa ta Gusau su ratsa Funtuwa, ya koma ƙarƙashin BUA, aka haɗa shi da na Kalambaina a 2018, daga baya da na Obu. Olam ta sayi kamfanin fulawar Dangote a 2019, Flour Mills kuma ta karɓi rinjaye a Honeywell a 2022. Mai karatu zai ce ina ruwan mai motar hatsi da wannan, to, ruwansa shi ne lodin dawowa. Mai mota ɗaya da ya kai masara ko waken suya Ibadan ko Ikko, kuɗin zuwa gas da 'yan kan hanya da kamasho suke cinyewa, ribarsa tana cikin fulawa ko sukari ko simintin da zai ɗauko ya dawo da shi Arewa. Idan masana'antu suka taru a hannu kaɗan, suka sayi tireloli nasu ɗaruruwa, ko suka ba babban kamfanin jigila kwangilar shekara, sai lodin dawowa ya ɓace, ko kuwa ya iso ga ƙaramin mai mota bayan ya bi ta hannu uku, kowane hannu ya gutsuri nasa, a kuma ce ya jira biya bayan wata guda.

Wajibi ne in faɗi alherin da na gani, domin ɓoye shi rashin adalci ne. Direban babban kamfani yana da albashi sananne a ƙarshen wata, yana jan mota sabuwa, ba ya kwana a daji yana facin taya da tocila a baki kamar yadda muka yi, an kuma koya masa ƙa'idojin hanya da mu sai da haɗari ya koya mana. Na'urar da aka maƙala wa motar tana nuna inda take, an auna masa gas gwargwadon nisan tafiya, kuma wannan ya toshe wasu hanyoyin ha'inci da mu kanmu mun san ana yi. Wanda ya ce duk wannan ba kome ba ne, bai taɓa ciyar da iyali da kuɗin da ba ya san ranar zuwansu ba.

Amma akwai tsani da aka karya, kuma shi ne ya fi damuna. A da yaro yakan fara da wankin mota da riƙon weji, ya koyi ja da baya a fuloti, ya sami lasin, ya yi wa maigida tuƙi shekaru, in motar ta tsufa maigida ya ce, "Ɗauki wannan, ka riƙa biya a hankali," a kira shaidu biyu, a yi fatiha. Ta haka aka sami yawancin masu motocin Funtuwa da Malumfashi da Ɗanja da Ƙafur, ni ma ta haka na samu. Babban kamfani ba ya yarda a ɗauki yaron mota, ba ya sayar wa direbansa tsohuwar tirela bashi, kuɗin sabuwa kuwa ya wuce abin da albashin rayuwa duka zai tara. Wani ɗan maƙwabcina da yake jan tirelar kamfani ya zo gaishe ni, na tambaye shi wane ne maigidansa, ya ce, "Wallahi Baba, ban taɓa ganinsa ba, lamba ce da ni, kuma ba ma kamfanin ne ya ɗauke ni ba, wani ɗan kwangila ne yake kawo musu direbobi." Na yi shiru ina tunanin hanyar Sheme da 'Yankara zuwa Tsafe, da ta Dandume da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka sha tare motoci, ina tambayar kaina, in Allah Ya ƙaddara masa wani abu a can, ƙofar wa mahaifiyarsa za ta je ta tsaya.

A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, inda ake fatan kwantena za ta riƙa sauka da tashi ba sai an je bakin teku ba, kuma ina yi wa garinmu murna da ita. Sai dai kwantena ba ta hawa motar katako, kuma masu kaya irin wannan ba sa ƙulla yarjejeniya da mai mota ɗaya. In masu motocin wannan yanki ba su haɗa jari bisa sharuɗɗan tarayya ba, a rubuce, da shaidu, da rabon riba da hasara sananne, to, jigilar za ta tafi ga wasu, 'ya'yanmu su zama 'yan kallo a bakin ƙofa. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da NARTO, da iyayen ƙasa, Sarkin Maska da Galadiman Katsina, su yi amfani da bakinsu. Tun 2019 akwai dokar tarayya da ta ba wata hukuma ikon duba haɗewar manyan kamfanoni kafin a zartar. A nemi duk ranar da za a sayar da gidan gurza ko masana'anta ko kamfanin jigila, a sanya cikin sharuɗɗan cinikin cewa mai saye ya ɗauki bashin jigilar da ake bin wurin, ya lissafa wa direbobin da ya tarar shekarun da suka yi, a kuma yanka kuɗin jira ga kowace motar da ta wuce kwana ɗaya a layi ba a sauke ta ba.