Zaɓin Sana'ar 'Yarki Daga Tsakar Gida Yake Farawa

Ko kin taɓa tambayar kanki me ya sa 'ya'ya biyu ciki ɗaya, ɗaya ta nace sai aikin jinya, ɗayar kuwa ko warin asibiti ba ta son ji?

Na koyar a Islamiyya a Gwaram kafin aure ya dawo da ni Birnin Kudu. A ko'ina abin da na lura shi ne, ɗalibaina da suka fi ƙwallafa rai a kan makarantar jinya da ungozoma ta garin nan yawancinsu 'yan fari ne. Su suka goyi ƙanne, su suka yi jinyar kaka, ana ta sa musu albarka. Yarinyar da ta ɗanɗani daɗin "Allah ya yi miki albarka" tun tana 'yar shekara bakwai, ai dole ta nemi aikin da za ta ci gaba da jin wannan daɗin. Ni kaina alli ya shiga raina ne saboda Baffa kan ce in biya wa ƙannena karatu bayan magariba, yana gefe yana murmushi.

A kwaleji mun karanta wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Anne Roe. A 1957 ta ce yaron da aka ja a jiki yakan karkata ga aikin hulɗa da jama'a, wanda ya tashi ba mai kula shi kuwa ya fi sakewa da na'ura ko lissafi. Binciken da ya biyo baya bai gaskata ta sosai ba, ni ma ban ɗauka duka ba. A nan wajenmu kuɗin makaranta da amincewar maigida sukan yanke hukunci kafin ra'ayin yarinya.

Wadda take ba ni tausayi ita ce yarinyar da ba ta jin yabo sai ta yi wa wani bauta. Irinta za ta ce miki tana son jinya, alhali yardarki take nema. Sai ta shekara uku tana karatun da ranta bai kwanta da shi ba, ba ta iya faɗa.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin a cike mata fom ɗin JAMB, ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ba ta dama ta riga ki magana.