Gadon da Ba a Raba Shi a Gaban Alƙali

Faransanci yana da kalmomi biyu, héritage da hérédité, inda Hausa ta wadatu da guda: gado. Gona gado ce, haka ma tsawo da hasken fata. Amma tsakanin Tasawa da Mayahi, da zarar cuta ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, sai a ajiye wannan kalma a ɗauko wata: iska, ko maita, ko sammun kishiya.

Na taɓa koyar da wata yarinya mai emasi, wato amosanin jini, wanda mutanen Kano ke kira sikila. Bayan hutun damina ta dawo tana jan ƙafar dama, alƙalami ba ya zama a hannunta, kalmomin da ta sani sarai suna kuɓuce mata. A gida aka ce ta gifta gindin tsamiya da almuru. Dangin uba kuwa suka ɗora laifin a kan jinin uwar.

Ilimin ƙwayoyin gado bai yarda da ko ɗaya ba. Tun 1956 Vernon Ingram ya nuna cewa canji guda tak a ginin sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini shi ne tushen cutar. Sai uwa da uba duka sun ba da nasu kafin ta bayyana, kuma kowane ciki nasu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna raunata jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su toshe. Idan babu rigakafi, kusan yaro ɗaya cikin goma yakan samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Wasu kuma raunin ba ya fitowa fili. Malami ne kawai zai ga lissafi ya fara gagarar ɗalibin da jiya yake kan gaba, ya rubuta masa “rago” a takardar sakamako.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin maganin. A asibitocin Kano, cikinsu har da na Malam Aminu Kano, likitoci tare da masanan jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun riƙa auna gudun jini a kan yara da na'urar da ake ɗorawa gefen goshi, sannan suka ba waɗanda ke cikin haɗari maganin hydroxyurea. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo yana kare su. Yaran Hausawa ne, masu cin tuwo irin namu, kuma daga Tasawa zuwa Kano tafiyar yini guda ce a mota.

Auren zumunci, wanda nake ganin darajarsa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi. Ba na cewa a bar shi. Ina dai son a yi gwajin jini kafin a kai goro, kuma a gwada saurayin kamar yadda ake gwada budurwar.