Tukunyar Azumin Kakata

A 2025, Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, mu Kirista kuma Larabar Toka, farkon azuminmu, ta zo ranar 5 ga wata. Sai ga Funtuwa kusan kowa bakinsa a bushe, ga bazara ta kunno kai. Wata rana a kasuwa, dattijon da rumfarsa ke kusa da tawa, mai sayar da masara, ya ga ina ta hamma, na murtuke fuska. Ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa?" Caraf na ce, "Baba, ai mu ma azumi muke yi, namu ma kwana arba'in ne." Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya karɓa."

Kafin in kai gida kunya ta rufe ni. Lafiyata ya tambaya, ni kuma na kinkimo azumina na baje a kan faifai kamar kayan sayarwa, har da ƙirga kwanaki don nawa ya fi nasa. Abin da Yesu ya hana ke nan a Matiyu sura 6: mai azumi ya gyara fuskarsa, ya bar maganar tsakaninsa da Uba. Da yamma kuma na zauna na rama abincin rana da na dare a zama ɗaya.

Daren nan na tuna kakata, a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi. Ba ta iya karatu ba, amma duk ranar da ta ɗauki azumi sai ta auna dawar da za ta ci, ta zuba a wata baƙar tukunya a ƙuryar ɗaki. Babu wanda ya san tana azumi. Surfenta take yi, ta ɗebo ruwa, ta tsokane mu. Kafin Ista tukunyar ta cika. Da almuru za ta juye a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce mini, "Maigida, kai wa gwauruwar nan ta bakin rafi. Kada ka tsaya surutu."

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "In hatsin ya koma cikina da dare, me na bari?"

Sai da na girma na gane wa'azin annabi Ishaya a sura 58 take yi da hannunta: azumin da Allah yake so yakan kai ga mayunwaci da wanda aka danne.

'Yan'uwa cikin Almasihu, ko kai ɗan Katolika ne mai barin nama ranar Juma'a, ko ɗan ECWA da ikilisiya ta ware wa kwanakin azumi da addu'a, dubi gefenka. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Faskari da Ƙanƙara, suna raɓe a cikinmu. Su ba azumi suke yi ba, yunwa ce. Mu da rumbunmu bai ƙare ba, mu ne ke da zaɓin bari, kuma abin da muka bari yana da mai shi.

Azumi ba ya sa Allah ya ci bashinmu. Zuciya yake sassautawa, kamar yadda ruwan farko ke yi wa ƙasa kafin shuka.

Bana na sayi tukunya. Ba zan faɗa muku ranar da zan fara zubawa ba.