Abin da filin ƙwallo ya koya mana



Sa'ad da muka ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda don fara karatu a jami'ar Yamai, mun ɗauka littafi kaɗai zai ishe mu. Daga Maraɗi, Tawa da Damagaram muka fito, ba mu jin Zabarmanci, ba mu da dangi a birnin. Iyayenmu kuma sun gargaɗe mu cewa ƙwallo aikin marasa aikin yi ne. Sai muka kulle kanmu a ɗaki, kewar gida tana cin mu, har karatun ya daina shiga.

Wata rana bayan la'asar, ƴan wasa suka rasa cikon mutum 11, suka kira mu. A wannan fili mai rairayi muka koyi abin da malami bai rubuta a allo ba. Mun koyi miƙa wa wani ƙwallo ko da muna son mu ci da kanmu. Mun koyi karɓar hukuncin alƙalin wasa, da neman gafarar wanda muka taka, da haƙuri ranar da aka cinye mu. Mai tsaron gidanmu, mutumin Tilaberi, shi ya koya mana gaisuwar Zabarmawa.

Amfanin bai tsaya a fili ba. Da ɗayanmu ya yi kwana biyu bai zo ba, abokan wasa ne suka same shi kwance da zazzaɓin cizon sauro, suka kai shi asibiti. Da mahaifin wani ya rasu, su suka haɗa masa kuɗin motar Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900.

Muna da sharaɗi: ba caca, ba zagi, wando ya rufe gwiwa, kuma da an kira magariba wasa ya ƙare, mu yi alwala mu tsaya sahu ɗaya. Addini bai hana motsa jiki ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tsere da Nana A'isha.

Yau mu ne iyaye. In ƴaƴanmu sun kira daga jami'a, maza da mata, kada mu tsaya ga tambayar jarrabawa. Mu tambaye su da wa suke wasa, kuma wa zai neme su in sun kwanta ciwo.

Allah Ya haɗa ƴaƴanmu da abokan kirki, amin.