Toka a Goshi: Kwana Biyu a Ƙasar Malumfashi

Ni dai marini ne ɗan marini, haifaffen Ƙofar Mata, inda ake cewa tun shekarar 1498 ake tsoma tufa a karofi. Saboda haka in ana batun toka ban zaci akwai mai faɗa mini sabon abu ba, tun da yake da ita da katsi muke haɗa ruwan baba tun ban iya ɗaura wando ba. To, sai da neman baba da zare ya kai ni ƙasar Malumfashi cikin Fabrairun 2024, sa'an nan na ga an yi wa toka wani aikin da ko a mafarki ban san shi ba.

Hanyar Kabuga zuwa Gwarzo da Dayi ba ta da labari, in ban da ƙura da cunkoson mota. Na isa bayan almuru, na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, wanda mai shi ya rantse mini babu irinsa a garin. Kuma ya yi gaskiya, gama ban taɓa kwana inda kuɗin cizo da sauro suka raba aiki tsakaninsu da adalci haka ba. Ruwan alwala ma sai da na saya, abin da Bakano zai ji kunyar yi wa baƙo.

Kashegari, ran Laraba 14 ga wata, ina jiran mai baba a bakin kasuwa, sai na riƙa ganin mutane jefi-jefi, maza da mata, kowanne da baƙin tabo a goshi. Da fari na ɗauka tabon sujada ne, har na ga shi a goshin yarinya 'yar goye. Da dattijon da nake jira ya iso, shi ma ga nasa, sai na kasa haƙuri.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, wannan kuwa na mene ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Toka ce, Malam. Yau muka kama azuminmu na kwana arba'in."

Ashe Bamaguje ne ɗan Katolika. Ya bayyana mini cewa ganyen da suka riƙe a bikin bara, mako guda kafin Ista, shi ake ƙonawa, Fada ya shafa wa kowa tokar, don a tuna wa ɗan Adam daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Da ya ji inda na kwana, sai ya ce atafau ba zan sake ba, ya goya ni a babur zuwa ƙauyensu.

A gidan nan na ga karamci irin wanda muke alfahari da shi a birni. Tun ban tambaya ba aka kawo mini buta da sabuwar tabarma, ya nuna mini alƙibla da kansa. Sa'an nan ya aika aka kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka mini kaza, don kada zuciyata ta yi waswasi. Shi kuwa bai taɓa naman ba, domin a wannan rana ba su cinsa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, wadda daddawarta, gaskiya ɗaya ce, ta fi ta gidana.

Bayan isha'i mutanen gidan suka zauna a tsakar gida da carbinsu mai gida biyar, kowane gida ƙwaya goma, suna addu'a da Hausa tsantsa, ina daga zaure ina jan nawa. Da suka gama muka yi hira har dare ya raba. Ya ce shi bai gaji addininsa ba, da girmansa ya shiga, sai da ya shekara uku yana zuwa karatu wurin katikis a ƙafa, ana yi masa tambayoyi, kafin a yi masa baftisma. Ya ba ni labarin yadda 'yan bindiga suka afka wa cocin St. Vincent Ferrer na Malumfashi a watan Mayun 2021, suka kashe Fada Alphonsus Bello. Ya kuma ba ni na farin cikin da suka yi a 2023, sa'ad da Paparoma Francis ya yanke Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato ya naɗa mata bishop, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasarsu. Amma abin da ke hana shi barci, in ji shi, ba 'yan bindiga ba ne, jikokinsa ne, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da coci a gine, suna zuwa don an ce su je.

Wannan magana ta soke ni, domin kuwa ni ya siffanta bai sani ba. Ni da aka yi mini huɗuba a kunne ranar haihuwa, Masallacin Idi yana bakin ƙofarmu, kiran salla yana zuwa mini ta fuska huɗu, rabona da buɗe littafin tauhidi tun ina saurayi. Alhali malamanmu, tun daga Sanusi mai Ummul Barahin, sun daɗe suna tattauna hukuncin imanin muƙallidi, wato wanda ya karɓa don ya ji ana faɗa. Ga shi kuwa kowane yaron marina ya san tsomi ɗaya ba ya ba da shuni: sai an tsoma, an ɗaga ya sha iska, an sake tsomawa, sau da yawa, kafin launi ya kama.

Na dawo da buhu biyu na baba, ta hanyar da na bi, babu abin faɗa. Tsakanin aƙidata da ta dattijon nan akwai saɓani wanda ba mu ɓoye wa juna ba, kowa yana nan a kan tasa. Sai dai da azuminmu ya kama ran 11 ga Maris, na ɗauki littafina na koma zauren malam, na ce a soma mini daga bangon farko. Mai karatu, in kai ma gadon addini ka yi, yaushe rabonka da karatu?