Allon da Ba Don Baƙi Aka Rubuta Ba

Bara na kai wa ƙanena ziyara a arewacin Italiya, inda yake aikin wanke-wanke a wani otal cikin tsaunukan Dolomit. Garin sunansa uku a allon hanya: Ortisei da Italiyanci, St. Ulrich da Jamusanci, sai Urtijëi. Na ukun ne na 'yan gida, da harshen Ladin, wanda masu shi ba su fi dubu 30 da ɗoriya ba, a warwatse cikin kwari biyar.

Ni ba mashayi ba ne, amma idona ya kasa barin allunan tsofaffin masaukansu. A ƙasa, wajen Bolzano, inda ake noman inabi, akwai tsohuwar al'ada: manomi ya ɗaure damin ganye a saman ƙofa, kowa ya san an buɗe sabuwar giyar inabi. Ba rubutu, ba harshe. A Urtijëi kuwa, sama da mita 1,200, sanyi bai barin inabi ya yi, daga ƙasa ake hauro da giyar. Abin da ke nasu shi ne kalmar da ke jikin bango: ustaria, wato masauki.

Na tambayi wata dattijuwa mai masauki me ya sa ta bar kalmar, tunda baƙin da ke kawo mata kuɗi Jamusawa ne da Italiyawa. Ta yi dariya, ta ce baƙo ƙamshin girki yake bi, allon na jikokinta ne.

Daga baya na gane nauyin maganar. Har ƙarshen yaƙin duniya na farko, a 1918, yankin ƙarƙashin Ostiriya yake. Da Musolini ya hau, aka ce Ladin gurɓataccen Italiyanci ne kawai, aka sauya sunayen wurare, aka raba kwarurrukan tsakanin larduna daban-daban, kuma har yau a rabe suke. Tun 1948 makarantun wannan kwari ke koyar da rabin darussa da Italiyanci, rabi da Jamusanci, Ladin kuwa 'yan sa'o'i a mako. Ƙanena ya ce ko a kicin ɗinsu, da baƙo ya shigo sai a juya harshe.

Da na dawo Ibadan na tsaya gaban shagonmu a Sabo. Allon da na biya aka rubuta, Turanci ne zalla. Ɗana mai shekara tara ya karanta shi tsaf. Na rubuta masa "shagon tufafi" a bayan rasit, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Baba, kai karanta."